Na sa an gwada ruwan rijiyarmu a Agege: abin da na samu da kuɗina

Rijiyar gidanmu ta riga ni zuwa gidan. Surukina, Allah ya jiƙansa, shi ya sa aka haƙa ta tun yana fataucin goro tsakanin Agege da Kano, kuma ranar da aka kawo ni amarya da ruwanta na yi alwalar farko. Yau shekara talatin da wani abu ke nan. Ruwan garau yake, ba wari ba launi, har maƙwabta kan turo yara da bokiti idan nasu ya yi ja. Da shi nake jiƙa aya, da shi nake tace kunun da nake ɗurawa a gora, yara su kai bakin titin jirgin ƙasa da wajen mayankar Oko-Oba. Tun rasuwar maigidan, wannan kunun da kuɗin hayar ɗakuna shida su ne rufin asirinmu.

A watan Yunin 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas. Kwamishinan lafiya, Farfesa Akin Abayomi, ya yi ta fitowa yana bayani, kuma abin ya fi tsanani a cikin tsibirin Ikko da Kosofe da Eti-Osa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da jami'an lafiya suka ambaci wani kunun aya marar rajista cikin abubuwan da suke zargi. Ba nawa ba ne, ba ma a yankinmu ba ne, amma ciniki ya faɗi warwas, kuma na kwana ina tambayar kaina: ni ɗin me na sani game da ruwan da nake ba bayin Allah? Ga jikata 'yar wata takwas, gudawa ta tafi ta dawo, mu ce haƙori ne.

Ɗana ne ya nemo wani ƙaramin kamfani a waya, masu zuwa gida su ɗebi ruwa su kai ɗakin gwaje-gwaje. Ba zan faɗi sunansu ba, don ina da yabo ina kuma da ƙorafi, kuma irinsu suna da yawa tsakanin Ikeja da Ogba. Kuɗin da suka karɓa ya kusa na buhun shinkafa a lokacin. Na yi jim kafin na biya.

Wata yarinya Bayarabiya suka turo, da kula mai ƙanƙara a ciki da kwalabe a rufe. Ta iso da hantsi, daidai lokacin da suka ce. Na miƙa mata gorar da na wanke tas na cika tun asuba don in rage mata aiki, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, wannan ba zai yi ba." Kwalbarsu an riga an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinta, ba a buɗe ta sai a bakin rijiya, kuma ruwan sai ya isa wurin gwaji da sanyinsa cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya. Kwalba uku ta cika: ɗaya daga gugan rijiya, ɗaya daga famfon tankin da ke sama, ɗaya daga randar da muke sha. Wannan ya burge ni, don ashe ruwa kan fito da lafiyarsa daga ƙasa ya lalace a randa, wurin moɗar da kowa ke tsomawa.

Amma aikin da ya fi mini amfani ba ya cikin abin da na biya. Da ta gama, sai ta ce in nuna mata sokawe, wato ramin masanmu. Na kai ta bayan ɗakunan haya. Ta auna da taku daga murfin ramin zuwa bakin rijiya, taku tara. Ta leƙa ta kan katanga, ta ga na maƙwabcinmu ma yana jingine da bangonmu, ya ma fi namu kusa. Sai ta tambaye ni yaushe rabon da a kwashe namu. Na amsa da jin daɗi, na ce ai ramin nan mai albarka ne, ya fi shekara goma bai cika ba, alhali mutum ashirin da biyu ke shiga. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Mama, to ina yake zuwa?"

Wallahi wannan tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba. A unguwarmu abin alfahari ne a ce ramin gidanka ba ya cika, har magina kan yi tallar kansu da haka. Yadda ta bayyana mini, ɗana yana cike mini inda Turancinta ya fi ƙarfina, ginin ƙwarai rami biyu ne. Na farko a shafe yake da siminti ciki da ƙasa, ba ya yoyo, a nan ƙazantar ke kwanciya har a zo a kwashe. Na biyun ne ake barin ruwan da ya taso ya tsiyaye cikin ƙasa a hankali. Mu kuwa duka sokawe muke ce musu, kuma a gidaje da yawa rami ɗaya ne tal, an jera bulo an bar ƙofofi a tsakani, ƙasan kuma ba daɓe. Duk abin da ya shiga, ƙasa ta shanye. Ƙasar Legas kuwa yashi ya yi mata yawa, ruwa na ratsa ta da sauri, ga damina mai ƙarfi da ke ɗago ruwan ƙasa sama a watan Yuni da Yuli. Abin da ya bar ramin bayan gida ba shi da wata doguwar tafiya kafin ya iske rijiya.

Ta ce ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Na yi lissafi a zuci. Fulotin da aka saba yankawa a nan ƙafa 50 ne a 100, ko 60 a 120, wato shi kansa fulotin tsawonsa bai wuce mita talatin da 'yan kai ba, balle namu na cikin tsohuwar Agege da gado ya rarraba. Ko ka kai rijiyarka wancan lungu, ka kusanci masan maƙwabci. Shi ya sa ba na zargin surukina ko wani. Lokacin da ya haƙa, bayan gidan nan fili ne.

Kuma da ruwan gwamnati na zuwa, wa zai sha wahalar guga? Matatar ruwa ta Iju tana nan kusa da mu, tun 1915 take aiki, ga ta Adiyan da ke jan ruwa daga kogin Ogun, amma famfon da ke ƙofar gidanmu na manta ranar da ya ɗiga. Yawancin mutanen garin nan da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa da fiya wata suke rayuwa, kuma yawancin gidaje kowa da raminsa, babu babban bututun da ke kwashe ƙazanta zuwa wani wuri. Daga ƙasa ɗaya muke sha, a cikinta muke zubarwa.

Yanzu ga ƙorafina. Sun ce kwana uku, sai da aka yi takwas, ɗana na kira ana ce masa gobe. Ni kuwa na dakatar da kunu gaba ɗaya ina jira, kowace rana asara ce. Da takardar ta zo, shafi biyu ne na Turanci da lambobi, babu layi ko ɗaya da ya ce wa mutum sha ko kar ka sha. Wanda ya biya kuɗi irin wannan ya cancanci a zaunar da shi a yi masa bayani da harshen da yake ji, ko da Turancin kasuwa ne. Sai da muka nemi yarinyar nan a wayarta, bayan ta tashi daga aiki, ta bi da mu layi-layi.

Abubuwa uku ta ja mana hankali a kai. Na farko wata ƙwayar cuta da suke kira Ikolai, wadda mazauninta hanjin mutum da dabba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, duk ɗaya ce a kanta: kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. An samu a rijiya, an samu a tanki, ta randa ta fi yawa. Ganinta shaida ce cewa bayan gida ya sami hanya zuwa ruwan, kuma hanyar da ta bi ita ce kwalara da taifot za su bi. Na biyu sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita, namu ya haura. Shi wannan tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa ya bar shi, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Na tuna matar ɗaki na huɗu da jaririnta ɗan wata biyu, jikina ya yi sanyi. Na uku ruwan yana da ɗan tsami, ƙasa da 6.5 a ma'auninsu, ta ce wannan ruwan dare ne a rijiyoyin Legas, kuma shi ke cinye mana bututun ƙarfe.

A islamiyya an koya mana cewa ruwa mai tsarki shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba, kuma da wannan ma'aunin na rayu. Na kai maganar gaban malaminmu. Ya ce, "Hajiya, hukuncin tsarki daban, kiyaye lafiya daban. Alwalarki ta yi, amma tunda kin sani, bai halatta ki shayar da mutane abin da zai cuce su ba." Maganar ta zauna mini.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ɓata mini rai. Kwana biyu bayan takarda, manajansu ya kira yana tallar wata na'ura ta matatai da fitila mai kashe ƙwayoyin cuta, wai ita ce maganin komai, a kan kuɗin da ya ninka na gwajin sau da yawa. Ɗana ya tambaye shi ko tana cire naitiret, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga baya muka tabbatar irin wannan ba ta cirewa, kuma fitilar ba ta aiki sai da wuta, a unguwar da wutar ke zuwa yadda ta ga dama. Bai yi maganar ramin ba ko sau ɗaya. Wanda ya gwada maka ruwa kuma yake sayar da na'ura, ka saurare shi da kunne biyu.

Shawarar yarinyar muka bi. Muka kira masu motar kwashe masai. A nan ma sai mutum ya tsaya a kansu: sun zuƙe ruwan sama suka fara naɗe tiyo, sai da ɗana ya zura doguwar gora ya nuna musu laka na nan kusan rabin rami, sannan suka zuba ruwa suka dama suka ƙarasa. Na tambayi direban inda zai zubar, don an san wasu na juyewa a kwata ko a lagun cikin dare, alhali jiha na da ofishin kula da gurɓataccen ruwa da wuraren tacewa irin na Abesan da Oke-Afa. Ya ce wurin gwamnati zai kai, na karɓi lambar motar dai na rubuta. Bayan nan magini ya shiga ya daɓe ƙasan ramin ya shafe bangon. Rijiya kuma aka yashe ta, aka ɗaga bakinta zuwa ƙugu, aka zuba kankare kewaye da ita mai gangara waje, aka yi mata murfin ƙarfe, aka rataye guga ɗaya wanda ba ya taɓa ƙasa. Aka wanke tanki da kulorin. Randa ta koma ta ado, na sayi bokiti mai famfo a gindi.

Da rani ya shiga na sake biya aka gwada, wannan karon na ce sai dai su turo yarinyar nan. Ikolai ta ragu ƙwarai amma ba ta ƙare ba. Naitiret kuwa kusan yana inda yake, kuma ba ta ɓoye mini dalili ba: abin da ƙasa ta sha shekara da shekaru ba ya fita a wata shida, ga ramin maƙwabci yana nan yadda yake. Na yi tunanin haƙa burtsatse, ta ce in ba mai zurfi ba ce, wadda aka toshe gefen bututunta da siminti daga sama, to ruwan nan dai za ta jawo, sai dai da inji. Zurfin ma ba ya warkar da komai. Mutanen Baruwa, can wajen Ipaja, man fetur ne daga bututun ƙasa ya shiga rijiyoyinsu tun shekarun 1990, na Lekki da Ajah kuma da gishiri da tsatsa suke fama.

Saboda haka rijiyarmu yanzu ta wanki ce da wanka da share tsakar gida. Ruwan sha da na kunu daga wata burtsatse mai zurfi nake saye, wadda mai ita ya nuna mini tasa takardar, 'yan ga-ruwa su kawo a jarkokina na kaina, in sa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalba, in bar shi rabin sa'a kafin a taɓa. Ribar kunun ta ragu, ban kuma ƙara kuɗin gora ba tukuna. Na tara matan gidan na gaya musu gaskiya, mai jaririn ma ni nake aika mata jarka ɗaya duk kwana biyu. Jikata ta samu sauƙi, ko da yake ba zan rantse cewa ruwan ne kaɗai ba.

In za ku kira irin waɗannan masu gwaji, ku kira, kuɗin bai tafi a banza ba. Sai dai ku yi sharaɗi tun kafin biya: su zo da kwalbarsu da ƙanƙararsu, gwajin ya haɗa da ƙwayoyin cuta da naitiret, su sa ranar kawo sakamako, kuma wanda ya ɗebi ruwan shi zai dawo ya yi bayani. Ku kuma yi shi da damina, lokacin da ruwan ya fi muni.

Saura maganar Alhaji maƙwabcinmu. Na aika ɗana da takardar, ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi ma nasa iyalin daga rijiyar da ke gefen ramin suke sha, a bar shi ya ga bayan Sallah. Na ce in ya shirya zan ba shi lambar maginin, kuma in zai gwada nasa ruwan mu haɗa rana ɗaya a watan Yuni, yarinyar ta ce kuɗin zuwa zai ragu.