Mako shida a kwas ɗin kasafin kuɗin binciken soja

Ni akanta ne a wata cibiyar bincike, kuma abin da ya tura ni wannan kwas na intanet rigimar ƙarshen shekara ce: injiniya na neman kuɗin gwaji, takarda kuma ta ce ragowar kuɗin na sayen kayan aiki ne, ba a taɓawa. Darasi biyu ake yi a mako, duk a kan yadda hukumomin binciken soja ke tsara kasafinsu.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne darasin PPBS, tsarin kasafin kuɗi da sakataren tsaro Robert McNamara ya shigo da shi ma'aikatar tsaron Amurka a 1961, da taimakon Charles Hitch da ya ɗauko daga cibiyar bincike ta RAND. Maimakon kowace runduna ta zo da jerin buƙatunta, sai a ɗaura kuɗi a kan aikin da ake son cimmawa, a hango shekara biyar gaba. A 2003 sunan ya koma PPBE. Malamin bai rufa wa tsarin asiri ba. Ya nuna mana cewa ana fara tsara kuɗi kusan shekara biyu kafin a kashe su. Mai sayen tankar yaƙi wannan bai dame shi ba, ya san abin da zai saya. Mai bincike fa? Gwajin da zai canza masa hanya bai ma yi shi ba tukuna. Nan na gane cewa injiniyoyinmu ba taurin kai suke yi mini ba.

Sai malamin ya kawo DARPA, hukumar binciken soja ta Amurka, wadda aka kafa a 1958 bayan Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam Sputnik. Ba ta da ɗakunan gwaji nata, kwangila take bayarwa, manajojinta kuma wa'adin 'yan shekaru suke yi su tafi. Aikin da ya ƙi ci gaba, a rufe shi a juya kuɗin wani wuri. A ganina wannan damar juya kuɗi ta fi kowane fom muhimmanci, ko da yake malamin ya yi ta yabon hukumar har na fara gundura.

Kasafin farawa daga sifili kuwa (inda kowace shekara sai an kare kowane kashe kuɗi daga tushe), wanda Shugaba Jimmy Carter ya gwada a 1977 gwamnatin Reagan ta watsar, minti ashirin aka ba shi. Fayil ɗin atisayensa ma ya ƙi buɗewa, sai da na yi kwana huɗu ina jiran amsa. Misalan kuma kusan duk na Amurka ne, kamar sauran ƙasashe ba sa bincike.

Tambayoyin George Heilmeier, tsohon shugaban DARPA, na kwafo na maƙala a fom ɗin neman kuɗinmu: me kake son yi, nawa zai ci, yaushe za a gama, da me za mu auna nasara a tsakiyar hanya? Mutum uku sun cike, ɗaya ya janye buƙatarsa da kansa.