Kuɗin salula ko katin banki: wanne ya fi aminci ga ɗan kasuwar Maraɗi?

Ga mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, wanda yawancin cinikinsa na jaka biyar ne zuwa goma, asusun salula irin su Airtel Money ya fi sauƙi, domin ba ya buƙatar intanet ko asusun banki, kuma kuɗin na shiga nan take. Sai dai idan aka tura kuɗi zuwa lambar da ba ita ba, dawo da su yana da wuya. Ƴan damfara kuma sukan aiko da saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, sannan su kira suna roƙon a mayar musu da abin da ba su taɓa turowa ba. Saboda haka mai shago ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa kafin ya miƙa kaya, kada ya dogara da hoton da aka nuna masa a waya.

Katin banki kuwa, na Visa ko na GIM-UEMOA da ke haɗa bankunan ƙasashe 8 masu amfani da sefa, ya fi dacewa da mai odar kaya a intanet. Bankuna da dama na turo lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya kafin a cire kuɗi, kuma idan an cira ba bisa ƙa'ida ba akwai hanyar kai ƙorafi. Matsalarsa ita ce ƙananan shaguna kaɗan ne ke da na'urar karɓarsa.

A ganina, cinikin yau da kullum ya tsaya a salula, katin kuma a ware masa asusu mai kuɗi kaɗan don sayayya daga waje.