Birkila ya ƙi sa hannu: ka dage a kan takardarka ko ku zauna ku rubuta tare?

Malam, ka ce ka kai wa birkila da mai kawo maka bulo takardar yarjejeniya da Turanci, dukansu suka ƙi sa hannu, kana tambaya ko ka dage ko ka sassauta.

Dagewa tana ci idan kai ne mai babban aiki, masu nema sun yi layi. Haka gwamnati take yi, amma ita ma sai da ta bayar da wani abu: lokacin da aka yi dokar ba da kwangila a 2007, ta amince a ba ɗan kwangila kafin alƙalami har kashi 15 cikin 100. A ginin gida guda ɗaya, birkilan da ya san hannunsa zai tafi wani aikin, wanda zai sa maka hannu ba tare da ya karanta ba kuwa shi ne wanda zai gudu ana tsakiyar linta.

Ɗaya hanyar ita ce ku zauna da shaidu biyu, ɗaya daga ɓangaren birkilan, a yi jinga da baki, sannan a rubuta abin da aka faɗa da Hausa a shafi guda. Ba ka bar rubutu ba ke nan, ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara ma rubutu da shaidu ta ce. Bambancin shi ne da bakinsa a ciki. A raba kuɗin: kaza bayan fandisho, kaza a linta, kaza bayan rufi, a riƙe ɗan wani abu sai an ga filasta ba ta tsage ba. Ni wannan na fi so, ko da yake tana cin yini guda da kuɗin shayi.

Mai bulo kuma, ina ganin ba takardar yake tsoro ba, farashi ne. Duk wanda ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ba zai ɗaure kansa wata shida a kan kuɗi ɗaya ba. Ka ce farashin na mako biyu ne, ko ka biya kuɗin bulo guda 1,000 yanzu ya riƙa kawowa da kaɗan-kaɗan. Ku kuma rubuta wanda zai ɗauki asarar waɗanda suka fashe wajen saukewa, don a nan ake yawan rigima da direban mota.