Zariya ko digirin jami'a ga mai son gyaran jirgin sama

Hajiya, kin tambayi inda ya kamata ki kai yaron karatu. Tunda gyaran jirgi yake so da hannunsa, tsakanin kwas ɗin NCAT, kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, da digirin injiniyan jiragen sama na jami'a, ki kai shi Zariya.

A can na koyi aikin nan. Makarantar tana nan tun 1964, kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da horon da take bayarwa. Nan ne gaba ɗaya batun yake, domin NCAA ce ke ba da lasisi, kuma sai mai lasisi ne zai sa hannu ya ce jirgi ya cancanci tashi bayan gyara. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce sai mutum ya yi shekara 4 yana aiki a jikin jirgi kafin ya nemi lasisi, amma wanda ya gama horo a makarantar da aka amince da ita shekara 2 ta ishe shi. Yaron zai zaɓi ɓangare: injin da gangar jirgi, ko lantarki da na'urori.

Har yau ina yi wa wani malaminmu addu'a. Wata rana da yamma sifana ɗaya ta ɓace a hanga, wato rumfar gyaran jirage, ya ce ba mai fita sai an gan ta. Har bayan magariba muna dube-dube, daga ƙarshe aka same ta a cikin murfin injin wani ƙaramin jirgi samfurin Tampico. Bai yi faɗa ba, ya ce mu tsaya mu yi tunanin wanda zai tuƙa jirgin gobe. Tun daga ranar ban taɓa rufe akwatin aiki ban ƙirga kayana ba.

Digiri irin na AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, karatu ne mai kyau, ban raina shi ba, amma ba lasisi ba ne. Mai shi ma sai ya dawo hanga ya cika littafin aiki, inda ake rubuta duk gyaran da mutum ya yi, ya zauna jarrabawar NCAA.

Ki yi hattara da dillalan WhatsApp masu cewa za su samo wa yaro gurbi a waje ko takardar EASA, hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, cikin 'yan watanni. Lasisin EASA na B1 (injin da gangar jirgi) da B2 (lantarki da na'urori) jarrabawa da shekarun aiki ake bi a same su, ba a sayar da su. Duk wanda ya nemi ki tura kuɗi asusun wani mutum, ki rabu da shi. Ki nemi lambar amincewar makarantar ki tabbatar a NCAA tukuna.

Kuma ki faɗa wa yaron tun yanzu: duk aikin da ya yi ya rubuta a littafinsa, mai lasisi ya sa masa hannu ranar, kada ya bari ya taru. Allah ya ba shi sa'a.