A kankare ƙashin ko a gyara haƙoran roba su kauce masa?

Wai kun san akwai masu wani ƙullutun ƙashi a baki, likitoci na ce masa torus, wani a tsakiyar ganda yake, wani kuma a muƙamuƙin ƙasa ta ɓangaren harshe, yawanci hagu da dama? Ba ciwon daji ba ne fa, a kwantar da hankali. Gado na kawo shi, cizon haƙora cikin barci ma ana danganta shi da shi. Da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da aka je awon haƙoran roba.

To a nan zaɓi biyu ne. Na farko a bar shi, mai haɗa haƙoran ya rarake roba daidai wurin, ko a yi na sama kamar kofaton doki gandar a buɗe. Ba yanka ba jinya, kuɗi kaɗan. Amma fatar da ta rufe ƙashin siririya ce sosai, roba na ɗan gogarta sai gyambo, kuma cikakken saitin sama da manne wa ganda yake riƙe kansa, in ƙullutun ya yi girma sai ya riƙa faɗowa ana tsakar cin tuwo, wallahi abin tausayi ga dattijo a gaban jikoki.

Na biyu tiyata, allurar kashe zafi, a kankare a ɗinke, a jira makonni kafin awo. Akwai kumburi da jini, mai ciwon suga sai an daidaita shi tukuna.

Ni dai in ƙarami ne a bar shi, in babba ne har ya tokare roba gara a cire.