Kyamarar ganin zafin fuska da kishiyoyinta: wace ce ta dace da motar haya a Katsina?

Na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a 2017 ba ta sanin lokacin da direba ya gaji a hanyar Funtuwa, ko ransa ya ɓaci tun daga tasha har ya shiga tuƙin ganganci. Na'urori huɗu ake tallata wa masu motoci saboda wannan, kuma zaɓina shi ne kyamarar da ke ganin zafin jiki.

Idan mutum ya shiga damuwa ko firgici, ƙananan jijiyoyin jinin fata suna tsukewa, sai kan hanci ya ɗan yi sanyi alhali goshi bai sauya sosai ba. Wannan bambanci kyamarar take kamawa, kuma tana ganin numfashi, domin iskar da ke fita daga hanci ta fi wadda ke shiga ɗumi. Ba ta buƙatar haske, saboda haka motar da ta bar Daura da asuba daidai take a wajenta da ta tsakar rana. Mai saye ya nemi mai ɗigon hoto (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 160 x 120, irin ƙirar Lepton ta kamfanin FLIR, wadda ke iya bambance kashi ɗaya cikin ashirin na digiri. Mai ɗigo 32 x 24 da kyar take raba hanci da kumatu. Sannan ya tambaya ko akwai manhajar da za ta fassara hoton ta yi ƙara, domin kyamara ita kaɗai hoto kawai take nunawa. Tana da rauni a ƙasarmu, ban musa ba: tabarau yana tare mata ido, ranar bazara da ke haura digiri 40 tana gasa gefen fuska, a hunturu kuma direba kan rufe hanci da rawani.

Kyamarar da ke ƙirga rufewar fatar ido ta ƙware wajen kama gyangyaɗi, amma ba ta san ɓacin rai ba. Mai lura da motsin sitiyari ramukan hanya sun isa su ruɗa ta. Agogon auna bugun zuciya kuwa a hannun yaron mota zai ƙare.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne jabu, kuma a nan aka taɓa cutata. Wani ɗan kasuwa ya sayar mini da kyamara mai nuna fuska ja da rawaya da shuɗi, na biya ba tare da rasit ba, sai da na kai ta gida na kashe fitila na ga allo baƙi ƙirin. Kyamara ce ta yau da kullum aka shafa wa hotonta launi gwargwadon haske. Waɗanda suka tuna ma'aunin zafin goshi na lokacin korona a 2020 sun san yadda na bogi ke cika kasuwa da zarar an fara nema.

Gwajin ba ya cin kuɗi, kuma a gaban mai shago za a yi shi. A ɗora tafin hannu a bango na ɗan lokaci a ɗauke, ta gaskiya za ta nuna sawun hannun yana dusashewa a hankali. A sa hannu cikin baƙar leda, za ta ga yatsu biyar. A tsaya bayan gilashin mota, ba za ta ga mutum ba, domin gilashi ba ya barin irin wannan zafi ya ratsa, shi ya sa idonta ba na gilashi ba ne. Akwai kuma wata dabara, wato a rubuta babban adadin ɗigo a kwali alhali na allo ne, idon kyamarar kuwa ƙarami ne aka hura hotonsa. A nemi a rubuta adadin ɗigon idon kansa a rasit tare da wa'adin garanti, idan mai shago ya ce sai an biya za a buɗe kwali, a bar masa kayansa.