Shekara goma a Amurka: ta tarayya da ta jiha ba ɗaya ba ce

Ɗan uwa, ka ce kotun tarayya a Amurka ta yanke wa ƙanin matarka shekara 10, wani kuma ya kwantar muku da hankali cewa ai rabi zai yi ya fito. Allah ya kawo masa sauƙi. Sai dai mai maganar nan lissafin jiha ya yi muku, ku kuwa a hannun tarayya kuke.

A gidajen yarin tarayya babu sakin talala, wato a saki fursuna kafin wa'adinsa ya cika ana sa masa ido a waje. Dokar 1984 ce ta soke shi ga duk laifin da aka aikata daga 1 ga Nuwamba 1987. Abin da ya rage shi ne rangwamen kyakkyawan hali, kwana 54 a kan kowace shekara da alƙali ya yanke. A shekara 10 kwana 540 ke nan, wajen shekara ɗaya da rabi. Ka ga zai zauna kimanin shekara takwas da rabi, wato kashi 85 cikin ɗari, shi ma in bai yi faɗa ba, ba a kama shi da waya a ɗaki ba. Kwanakin da ya yi a tsare kafin hukunci suna cikin lissafi, ku tabbatar lauya ya duba an ƙirga su.

To ɗauki wannan shekara 10 ɗin ka kai jihar Texas. A laifin da ba mai tsanani ba, da zarar kwanakin da mutum ya zauna haɗe da na kyakkyawan hali sun kai kwata na hukuncin, kwamitin sakin talala na iya duba takardarsa. In akwai makami a ciki, sai ya ci rabi cur. Amma fa dubawa ce kawai, suna iya cewa a'a bana, su sake cewa a'a baɗi. Na jiha yana da ƙofa amma bai san ranar buɗe ta ba. Na tarayya ya san ranarsa tun da wuri, sai dai tana da nisa. Kuma ba duk jihohi ke da sauƙin Texas ba, Florida ma tun 1995 kashi 85 take bi.

Wani abin mamaki, rangwamen tarayya ba ya hawa kan hukuncin shekara ɗaya cif, sai wanda ya haura. Shi ya sa za ka ji lauya yana roƙon alƙali ya ƙara wa wanda yake karewa kwana ɗaya. Mai wata 12 zai cinye su duka, mai shekara da kwana ɗaya ya fito a wata goma da 'yan kwanaki.

Inda nake so ka natsu shi ne dokar da Trump ya sa wa hannu a Disamba 2018. Ta ba fursunan da ya cancanta damar tara kwana 10 zuwa 15 a kan kowane kwana 30 da ya yi yana karatu ko koyon sana'a, har ya rage shekara guda, sauran kwanakin da ya tara kuma ya yi su a gida ko a gidan sa ido, wato gidan da ake ajiye fursuna a cikin gari gab da sakinsa. Akwai kuma shirin masu fama da shaye-shaye, shi ma yana iya rage har shekara. Da waɗannan ne ɗan ƙasa yake fitowa ƙasa da kashi 85. Baƙo kuwa, in an riga an yanke hukuncin mayar da shi ƙasarsa, ba zai ci moriyar kwanakin da ya tara ba, kuma wanda hukumar shige da fice ta ɗora wa takardar jira, wato takardar neman a miƙa mata shi in ya gama, ba kasafai ake kai shi gidan sa ido ba. Ranar da ya gama, su ne ke tsaye a bakin ƙofa, ya sake zama a hannunsu kafin a sa shi a jirgi.

Saboda haka ka tambayi lauya matsayin takardunsa tukuna. In ba ɗan ƙasa ba ne, ku gaya wa matarsa takwas da rabi, kada a sa mata ran biyar.